Akwatin Wutar da Yaya Ya Aiko

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da maigidan naki. Yaya gwiwar Mama? Ki gaya mata na ce ta daina hawa bene don shanya, akwai igiya a tsakar gida. Ni lafiyata lau, sai sauro da ƙarar injin fasa dutse. Har yanzu babu sabis a wannan dajin da muke yanka hanya. Sai mutum ya hau tudu ya ɗaga salula sama, in ya yi sa'a ya faɗi kalma uku ta yanke. Saboda haka mu ci gaba da takarda ta hannun direban da ke kawo mana kayan abinci.

Na karanta ƙorafinki. Kin ce kwamfutar da na bar miki tana mutuwa da kanta duk lokacin da kika sa ta fitar da babban zanen gini, har kina tambaya ko na bar miki ita da aljanunta. Yunwa ce ke damunta, Auta. Kafin in taho na sa mata sabon katin hoto mai cin wuta sosai, amma na bar mata tsohon akwatin wutar, wanda masu shago ke ce wa fawa. Shi ne yake karɓar wutar bango ya raba wa kowane sashe na ciki gwargwadon buƙatarsa. Ƙarfin tsohon wat ɗari shida da hamsin ne. In rubutu kike yi yana iyawa, amma da kin ɗora mata zanen bene sai katin ya nemi wutar da babu, sai komai ya ɗauke.

Ga sabo nan a cikin kwalin da direba zai ba ki, mai wat dubu da ɗari biyu. Wani abokin aikina ne ya taho min da shi da ya dawo daga hutu. Ba irin na bakin titi ba ne, ki ɗaga shi ki ji nauyi. Da wannan ko gari guda kika zana ba za ta yi tari ba.

Ki ce wa maigida, Injiniyan naki, ya sa. Na san salula yake gyarawa, amma noti huɗu ne kawai, ba zai gagare shi ba. Abu ɗaya nake roƙo: kada ya ɓata min tsarin wayoyina. Waɗannan wayoyin ja da fari da kike gani ta gilashin gefen kwamfutar, daban na saye su don tsohon akwatin, na jera su, na tsefe su ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure ta baya. Sabon ya zo da nasa, baƙaƙe masu tauri, munana, na cire su na ajiye a nan. Ya zare nawa daga jikin tsohon ya soka a ramukan sabon, shi ke nan, bakinsu ɗaya ne.

Ki shafa min kan yara.

Yayanki mai awon hanya

*

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mama ta ce ka ji da sauronka ka bar mata benenta. Gwiwar da sauƙi. Ƙaramar ta yi zazzaɓi amma ta warware, har ta koma makaranta.

Na daɗe riƙe da biro ban san ta inda zan fara ba, to gara in faɗa kai tsaye. Kwamfutarka ta ƙone, Yaya.

Ga yadda aka yi. Da kwalin ya iso, Baban Yara ya buɗe, ya ɗaga akwatin yana jujjuya shi yana dariya. Ya ce, “Wannan ai ya fi ƙarfin ɗakinmu. Irinsa masu gidajen wasan kwamfuta ke nema ido rufe.” Sai ya leƙa kwalin ya ce, “Ina wayoyinsa?” Na karanta masa abin da ka rubuta. Ya ce, “To, abin da Yaya ya ce shi za a yi, kada a taɓa masa kitso.” Ya ce shi dai ba ya sa wa na'ura abin da bai gwada ba, mitarsa kuma tana shago, don haka ya tafi da akwatin can. Ya kwana a shagon, washegari ya dawo da shi ya ce lafiyarsa lau, fanka na juyawa, wuta na fita daidai.

Ranar Asabar da hantsi muka ɗora kwamfutar a teburin falo. Ni na riƙe masa tocila. Sai da ya ɗauki hoton wayoyinka da salularsa kafin ya taɓa ko ɗaya, wai kada ka dawo ka kai shi kotu. Ya zare su daga tsohon, ya soka a sabon, kowacce ta shiga raminta tsaf ba tare da an matsa ba. Ya ɗaure noti, ya ce in danna tunda ni ce mai ita yanzu.

Na danna. Sai muka ji tas, sai wari kamar an jefa roba a wuta, sai siririn hayaƙi ta ƙasa, inda faifan ajiyar nan biyu suke. Ya yi wuf ya fizge wayar bango, amma aikin gama ya gama. Da ya ciro faifan, bayan kowanne ya yi baƙi. Ka san abin da ke ciki. Taswirorinka na duk shekarun nan, da zanen mutane da nake yi, har da na makarantar da aka ba ni wanda ban miƙa ba, da hotunan marigayi Baba da ka ce ka tattara a wuri ɗaya don kada su ɓace. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Baban Yara ya rasa inda zai sa kansa. Tun ranar ba ya cin abincin kirki. Ya ce zai nemi yadda za a yi da faifan, amma kada in sa rai da yawa. Mai makarantar kuma ya fara aiko min da saƙo yana tambayar zanensa.

Ka yi haƙuri, Yaya. Ka gaya mana abin da kake gani ya jawo haka, kai ka san na'urarka.

Ƙanwarka, Auta

*

Auta,

Na samu taki. Na gode Allah da ƙaramar ta samu sauƙi. Ni ma lafiya, in mutumin da aikinsa na shekaru ya zama hayaƙi ana ce masa mai lafiya.

Na karanta wasiƙarki na sake karantawa, kuma akwai wuraren da idona ya ƙi wucewa. Kin ce in faɗi abin da nake gani, to ki saurara, kada ki yi fushi kafin ki kai ƙarshe.

Akwatin wuta sabo fil, daga ledarsa, mai irin wannan daraja, ba ya ƙona faifai. An yi shi ne ma don ya kare su. In wuta ta yi yawa shi yake yankewa, in wani abu ya haɗu shi yake kashe kansa kafin ya taɓa kowa. Wanda ke ƙona kaya shi ne na jabu, irin wanda ake cika kasuwa da shi, a manna masa takardar wat dubu alhali cikinsa ko ɗari uku ba zai ɗauka ba. Ni kuwa da hannuna na buɗe ledar wanda na aiko.

Yanzu dubi abin da kika rubuta da kanki. Mutum ya ɗaga kaya, maganar farko da ta fito daga bakinsa ita ce waɗanda ke nemansa ido rufe. Wato tun bai sa ba ya san masu saye. Sannan ya ce ya fi ƙarfin ɗakinku, wato a ganinsa ɓarna ce a sa shi a nan. Sannan ya ɗauke shi zuwa shago ya kwana. Nawa ne nauyin mitar da ba za a kawo ta gida a aljihu ba? Gwajin da ba ya wuce shan ruwa, me ya kai shi kwana?

Ban ce ya yi ba. Amma na zauna da masu gyara, na san yadda layin nan nasu yake. Ka kai salula da batir mai kyau, ka karɓo ta da wanda ya gaji, a ce maka haka ka kawo ta. Mai yiwuwa ma ba shi ba ne, wani maƙwabcin shagonsa ne ya yi masa wayo. Mai yiwuwa kuma ya ga cewa ke zane kawai kike yi, ba za ki gane bambanci ba, ni kuma ina daji.

Ga abin da nake so ki yi, kuma kada ki gaya masa. Ki ɗora akwatin a sikeli. Na gaske ya haura kilo biyu. Sannan ki duba notin da ke gefe, akwai 'yar sitika a kansa, ki ga ko an huda ta. Ki rubuto min abin da kika gani, ba abin da kike so ki gani ba.

Hotunan Baba sun fi taswirorin ci min rai. Kada ki gaya wa Mama tukuna.

Yayanki

*

Yaya,

Muna lafiya. Mama na gaishe ka, ba ta san komai ba.

Wasiƙarka ta ɓata min rai ƙwarai. Mutumin da ya ɗauki hoton wayoyinka don tsoron kada ya saɓa maka, shi kake ce wa ɓarawo? Ka ce ba ka ce ba, amma ka ce, Yaya, ni ba yarinya ba ce. Tun ranar da ya fara zuwa gidanmu kake kiransa Injiniya da wannan muryar taka, yana ji, yana dariya, yana bari. Maganar masu gidan wasa yabon kayanka yake yi. Da ya ce abin banza ne ka aiko, da ka ce ya raina ka. Yanzu ya yaba, ya zama mai neman kasuwa. Mitar kuma a jikin teburin aikinsa take, ga wayoyi ga komai, kuma ranar ya tarar da aiki ya taru, shi ya sa bai gwada ba sai da safe.

Mai makarantar ya ba ni ɗan lokaci. Ina sake zanen daga farko a kan ƙaramar kwamfutar wata ƙawata, wadda in na ja layi sai in je in ɗora tukunya in dawo kafin ya fito.

Na so in tsaya a nan, amma tunda ka ce in rubuta abin da na gani, ga shi. Na auna shi, ba don na yarda da kai ba, sai don in rufe maka baki. Ya haura kilo biyu kamar yadda ka ce. To ka ji. Sitikar kuma a huje take. Na tambaye shi a cikin hira, ya ce shi ya buɗe bayan abin ya faru don ya ga ko wani abu ya ƙone a ciki, bai ga komai ba. Ni dai ban ga lokacin da ya buɗe ba, wataƙila ina ɗaki.

Kwanan nan yana dawowa a makare, in na tambaya ya ce yana bin maganar faifan ne. Ya kuma sa sabon kabad na gilashi a shago, amma wannan ya daɗe yana maganarsa. Ban ma san abin da ya sa na rubuta maka wannan ba.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa gare ki da yara. Ruwa ake yi mana a nan ba ƙaƙƙautawa, aiki ya tsaya, sai zama a tanti.

Nauyi ba hujja ba ne. Masu jabu sun daɗe da gane ana aunawa, guntun ƙarfe suke ɗaurewa a ciki. Sitikar ce magana. Ya ce bayan ƙonewar ya buɗe, ke kuma da kike gida ba ki gani ba. Kuma ana iya barin kwanon waje a canja abin ciki, wannan aikin rabin yini ne ga mai sukundireba. Ban tambaye ki zancen kabad ba, ke kika kawo shi, kuma kin san dalili ko ba ki faɗa ba.

Ki je gidan wasan kwamfutar da ke kusa da layinsu, ki tambayi mai wurin ko an kawo masa irin wannan akwatin kwanan nan. Ki yi kamar saye kike so. Ki kuma leƙa jakar aikinsa. In babu komai, ni zan fara ba shi haƙuri. In akwai, gara ki san da wa kike zaune.

Ni ɗan'uwanki ne, ba zan so ki da sharri ba.

Yayanki

*

Yaya,

Ina fata kana lafiya. An ce gadar hanyarku ta karye, direba bai zo ba tun wancan zuwan. Zan bar wannan a ofishinku na cikin gari, duk ranar da hanya ta buɗe ta same ka. Mama lafiya, yara lafiya. Ni ce dai ba lafiya ba, ko da yake babu inda ke min ciwo.

Na riƙe wasiƙarka kwana da kwanaki ina cewa ba zan yi ba. Amma maganarka ta zauna min a kai. In ya yi dariya sai in ce me ya sa shi dariya, in ya yi shiru sai in ce me yake ɓoyewa. Mutumin da na haifa wa yara biyu na koma ina kallon hannunsa in yana ƙirga canjin cefane. Da ka turo wata wasiƙar wataƙila da na tsaya, amma shiru, sai ni da tunanina.

Na je gidan wasan. Ɗaki ne mai duhu, samari jere da abin ji a kunne, kwamfutoci na walƙiya kala-kala. Na ce wa mai wurin ina neman akwatin wuta mai wat dubu da ɗari biyu. Ya dube ni ya ce, “Ikon Allah. Ke ce ta biyu. Mai gyaran salula na layin baya ma ya zo nan kwanaki yana min tambayoyi a kan irinsa.” Na ce sayarwa ya zo yi? Ya ce, “Hajiya, ke wace ce tasa?” Na juya na fita.

Washegari da safe yana wanka na buɗe jakarsa. Na zazzage ta a kan gado. Sukundirebobi, da dalma, da salular mutane a leda, da wasu ƙananan alluna korra guda uku naɗe a takarda waɗanda ban san na mene ne ba. Na ce a raina ko daga cikin akwatin ne ya ciro su. Ina riƙe da ɗaya ya shigo da tawul a wuya.

Ya ce, “Me kike nema?”

Na ce biro.

Ya dubi kayan a kan gado, ya dube ni, ya ce, “Mai gidan wasa ya zo shagona jiya, a gaban maƙwabta, ya ce wata mata ta je tana tambaya ko na sayar masa da kaya. Da ya kwatanta mayafin na san ke ce. Na ce bari in jira ki gaya min da kanki.”

Sai na fashe. Na ce to ka gaya min gaskiya, ka canja akwatin Yaya ko ba ka canja ba? Na tambaye shi da bakina, Yaya, ido cikin ido.

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya tattara kayansa ɗaya bayan ɗaya ya mayar a jaka, ya sa riga ya fita, ko shayi bai sha ba. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na rasa yadda zan fassara shirun nan. In bai yi ba me ya hana shi rantsewa? Kuma me ya kai shi gidan wasan? Wani lokaci in ce kai ne mai gaskiya, wani lokaci in ji kamar in tsani kaina. Ka rubuto ka gaya min ko allunan nan korra na cikin akwatin wuta ne.

Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Ban samu wata takarda daga gare ki ba tun da gada ta karye, ban san halin da kuke ciki ba. Wannan zan ba wani ma'aikacinmu da zai tsallaka da kwalekwale ya zagaya ta wata hanya, don ba za ta iya jiran direba ba.

Ki yaga wasiƙata ta baya. Kada ki je gidan wasan, kada ki taɓa jakarsa. Mijinki bai canja komai ba.

Jiya a ofishin sansani aka so ƙara wa kwamfutar taswira faifai, aka rasa waya. Na ce ina da sababbi a tanti, waɗannan baƙaƙen da na cire daga kwalin na ce munana ne. Na ɗauko ɗaya na soka a akwatin wutar ofis, ta shiga tsaf. Na danna. Tas, sai warin roba, sai siririn hayaƙi. Ina tsaye ina jin warin nan sai na ga wasiƙarki ta farko a gabana, layi bayan layi.

Mai kula da kwamfutocinmu ya kawo mita muka auna tare. Bakin da ke shiga faifai iri ɗaya ne a ko'ina. Amma bakin da ke shiga jikin akwatin wuta, kowane kamfani da yadda yake jera nasa. Ramin ɗaya ne a ido, sai dai inda wannan ya bi da ƙaramar wuta, wancan babba ya bi da ita. Wayar wani akwati a jikin wani tana iya kai wa faifai fiye da ninkin abin da yake ɗauka. Wayoyina ja da fari na tsohon akwatin ne. Ni na hana a aiko da na sabon, ni na ce a soka nawa, ni na rubuta cewa bakinsu ɗaya ne. Akwatin da na aiko lafiyarsa lau, kuma shi ne a gidanki. Mutumin nan ya tambayi wayoyinsa tun ranar farko, aka karanta masa umarnina, ya bi.

Na ƙona faifan ofis, za a yi min faɗa, wannan mai sauƙi ne. Abin da ya hana ni sukuni shi ne abin da na rubuta miki a kansa. Na gode Allah da kika yi min tsiya a wasiƙarki kika tsaya masa, na san halinki, ba za ki bi shirmena ba. Tunda bai san komai ba, ki bar shi a haka. In na zo hutu zan ba shi haƙuri a kan kwamfutar, in kuma daina kiransa da sunan nan.

Ga baƙaƙen wayoyin nan a leda. A cire nawa duka a zubar.

Yayanki mai kunya

*

Yaya,

Wasiƙarka ta iso da ledar wayoyin. Ina jin yanzu tawa ma ta same ka, don an ce hanya ta buɗe, saboda haka ba sai na maimaita ba. Ka san na je, ka san na buɗe. Mama na gaishe ka. Ta fara tambayata me ya sami gidana, na ce gajiya ce.

Na karanta masa wasiƙarka daga farko har wurin da ka ce na tsaya masa. Daga nan shi ya karɓa ya ƙarasa da kansa. Ya ninke ta ya miƙo min, ya ce, “Allah sarki Yaya. Ni ma ban san haka wayoyin suke ba, da ban soka ba. Ki ce masa ya daina damuwa.”

Gidan wasan ya je ne yana tambaya ko sun taɓa ganin sabon akwati ya ƙona faifai. Allunan nan korra na tsofaffin faifai ne irin naka, ya yi ta yawo kasuwa yana nema, ko zai dace da wanda zai tayar da mai hotunan Baba. Yawon da ke sa shi dawowa a makare ke nan. Har yanzu bai dace ba, kuma bai daina ba. Ya sa baƙaƙen wayoyin, kwamfutar ta tashi da wani faifai da ya kawo daga shago, fankar ko ƙara ba ta yi. Na miƙa zanen makarantar.

Na ba shi haƙuri, na durƙusa na ba shi. Na ce wasiƙunka ne suka rikita ni. Ya ce, “Yayanki bai taɓa yarda da ni ba, wannan na sani tun kafin a ɗaura mana aure, kuma bai taɓa hana ni barci ba. Shi yana daji, bai san ni ba. Ke kin san ni.” Na ce to me ya sa ba ka ce a'a ba da na tambaye ka? Ya ce, “Da na ce a'a, sai ki rubuta wa Yaya ki tambaye shi ko gaskiya na faɗa.” Abin da na yi ke nan kuwa.

Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Ba ya faɗa, ba ya ɗaure fuska, yana cin abinci, yana wasa da yara. Amma tun ranar, duk yamma in ya dawo, kafin ya cire takalmi sai ya je teburin falo ya zazzage jakarsa, ya juye aljihunsa, ya jera komai a fili, sannan ya yi min sannu da gida. Na roƙe shi ya daina. Ya ce ba komai, don hankalina ya kwanta ne. A layinsu kuma an samu abin tsokana, in ya wuce sai wani ya ce a ɓoye kaya ga wanda matarsa ke bincike.

Kada ka rubuto masa, kada kuma ka zo da dogon bayani in ka samu hutu. Ba tsakaninku abin yake ba. Ka ce in ba komai a jakar kai za ka fara ba shi haƙuri, to naka mai sauƙi ne, ya riga ya karɓa. Nawa ne ban san ranar da zai isa ba.

Jiya da ya jera kayansa a tebur, ƙaramar ta ruga ta ɗauko jakar makarantarta. Ta zazzage littattafanta da fensir kusa da nasa, ta juye aljihun rigarta, ta tsaya a gefensa ta harɗe hannu a baya, su biyu suna jira in zo in duba.

Ka kula da kanka.

Auta